Yadda Aka Wanke Min Laftof da Amanar Iya Talatu a Ciki

Ranar Larabar da ta wuce wani saurayi ya rako babansa rumfata a buga musu takardar cinikin fili. Ya ƙare wa laftof ɗina kallo, ya ga robar da na ɗaure caja da ita, ya ga rabin bulon da ke tokare da murfin, sai ya bushe da dariya, wai wannan aiki ai ko a waya minti biyar ya ishe shi. Na tashi na ba shi kujera, na ce bismillah, ga baban naka nan, buga a wayar taka. Dattijo ya fara bayani: filin ya yi iyaka da gidan wane daga gabas, wanen ya rasu, magada sun sayar wa wani, wanin ya ci taku biyu a cikin hanya, daga kudu kuma akwai kwatar da ba ta kowa ba amma kowa na cewa tasa ce. Saurayin bai kai layi uku ba ya ce wayarsa ba caji. To tunda haka kuke ganin sana'ar nan, kamar shan ruwa, ku matso ku ji yadda take.

Sunana Audu, amma duk Potiskum Audu Akawu aka sani. Kakana fatauci ya kawo shi daga Kano ya zauna, ni kuma a unguwar Dogo Nini aka haife ni. Sama da shekara talatin ke nan ina zaune a ƙarƙashin bishiyar mainar nan, wato dogon yaro, ina buga wa mutane takardu: takardar rantsuwa, takardar neman aiki, koke, cinikin gida da gona, katin ɗaurin aure, sanarwar suna. Wanda bai iya rubutu ba ya zo, wanda ya iya rubutu amma bai san yadda ake jera magana a gaban hukuma ba shi ma ya zo.

A wurin Malam Kyari na koya, wani Babarbare tsohon akawu da ya bar aikin gwamnati ya kafa tebur da tafireta. Shekarata ta farko a wurinsa ban buga ko harafi ɗaya ba. Aikina shi ne in goge haruffan injin da allura da kananzir, in juya ribon, wato ƙyallen tawada, idan ya ƙare a gefe ɗaya, in jera farar takarda da kabon ba tare da sun karkace ba. Da ya fara barina in buga, kuskure ɗaya a layin ƙarshe ya isa ya zare takardar ya yaga a gabana, in sake daga farko. Babu maɓallin gogewa a tafireta. Ku da kuke rubuta shirme ku goge sau goma kafin ku tura, ba ku san abin da ake nufi da yin tunani kafin yatsa ya sauka ba.

Amma ba bugun ne babban darasin ba. Wata rana wani mutum ya zo aka buga masa koke a kan yayansa game da gonar gado, ni na buga. Da la'asar a wurin mai shayi, da yake yarinta na ɗibana, na ɗan ba da labari don a san ni ma ina ganin manyan abubuwa. Kafin kwana biyu magana ta kai kunnen yayan, gida ya kama da wuta. Malam Kyari bai dake ni ba. Ɗora min tafiretar nan ya yi a ka, ƙarfe ne mai nauyin tsiya, ya tasa ni a gaba tun daga nan har ƙofar gidan mutumin, ya sa na durƙusa da ita a kaina na ba da haƙuri. A hanyar dawowa ya ce da ni da Hausarsa ta Barebari: akawu bututu ne, ba tulu ba, magana ta shiga ta kunne ta fita ta yatsa, kada ko ɗigo ya kwana a ciki. Daga ranar na horar da kaina a kan haka, har na kai in buga shafi goma, mai shi ya karɓa ya tafi, ka tambaye ni me ke ciki in rasa abin ce maka. Da wannan nake alfahari, da shi kuma mutane suka yarda da ni.

Laftof ɗin nan a shekarun tashin hankali ta zo hannuna. Wani ɗan kudu mai shagon ɗaukar hoto ne ya tattara zai bar gari, yana sayar da komai har labule, na saye ta a hannunsa, a lokacin ma ta riga ta sha jiki. Kun yi ƙanƙanta ku tuna shekarar. An hana babur, kasuwa yau a buɗe gobe a rufe, mutum ya fito da safe bai san ko zai koma ba. Ba mai cinikin fili, ba mai buga katin biki. Abin da ya riƙe ni shi ne takardun rantsuwa na waɗanda suka gudo daga ƙauyuka ba ko takarda ɗaya da za ta nuna su su waye. A ƙafa nake zuwa daga Dogo Nini da ita a cikin buhun shinkafa, duk shingen bincike in sauke in buɗe in kunna a ga ba wani abu ba ce. Wata rana sau huɗu na kunna ta kafin in iso, ina isowa batir ya ƙare, babu wuta, na zauna ni da mutum bakwai muna kallon juna har azahar.

Batirin ne ya fara mutuwa, kuma bai yi sallama ba. Tun daga nan ta zama sai da wuta a jiki, ko ƙiftawa wutar ta yi ta ɗauke, duk abin da ban adana ba ya tafi. Shi ya sa za ku ga yatsana na hagu yana adanawa a ƙarshen kowane layi ba tare da na sani ba. Sai gwiwar murfin ta karye, ta dama, murfin ya dinga faɗuwa baya. Bulon nan da kuke wa dariya ya fi shekara shida yana aiki bai taɓa neman hutu ba. Fankar cikinta kuwa idan bazara ta kama sai ta dinga kuka kamar injin markaɗe, ta yi zafin da ba ka iya ɗora hannu, sannan ta mutu a tsakiyar jimla. Na koyi ɗora ta a kan marafan kwalba huɗu don iska ta ratsa ta ƙasa, na koyi rufe ta daga ƙarfe ɗaya zuwa uku ko gwamna ne ya zo. Ramukan da ake soka filash da firinta guda uku ne, biyu sun mutu, ɗayan da ya rage na firinta ne. Harafin Z ya daina aiki gaba ɗaya, sai dai in kwafo shi daga wata tsohuwar takarda in liƙa duk inda ake bukata. Ramin caja kuma ya yi sako-sako, sai an karkatar da kan cajar zuwa hagu an ɗaure da roba kafin 'yar fitilar ta kawo.

Ana yawan tambayata me ya sa ba na canza ta. Masu tambayar ba su san cewa duk wani salon takarda da ake karɓa a garin nan yana cikinta ba, wanda na tara shekara da shekaru, kowane da yadda ofishin da za a kai shi ke so. Kuma na san halinta. Daga ƙarar da take yi idan na kunna ina gane ko yau za mu wanye lafiya. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, ko da yake ba su ce zumar ba ta ba mutum ciwon kai ba.

Akwai wata ɗaliba da ta taɓa kawo min aikin makarantarta a filash. Na zare firinta na soka, cikin minti ɗaya cuta ta shiga ta ɓoye min komai, sai da na yi kwana uku ba aiki kafin a fito min da takarduna. Ranar na rantse filash ɗin kowa ba zai ƙara shiga laftof ɗina ba, har nawa, don ban ga amfanin ajiye abin da ke yawo da cuta ba. Na riƙe wannan rantsuwa shekaru, ina ganin kaina mai wayo.

Aikin Iya Talatu ya zo min ne farkon wata damina. Ɗanta Malam Ɗanjuma, wanda na daɗe ina buga wa takardun gona, shi ya kawo ta a keke mai ƙafa uku daga unguwar Yerimaram. Tsohuwa ce tukuf, 'yar ƙabilar Ngizim, ƙarama kamar a ɗauke ta da hannu ɗaya, amma idonta tar. Tana zama ta kori ɗan nata, ta ce ya je ya dawo bayan awa biyu, maganar ba ta maza ba ce. Sannan ta dube ni ta ce ta ji an ce ni ba na riƙe magana, shi ya sa ta zo wurina duk da ni ma namiji ne.

Ga abin da ke tafe da ita. Gidansu babban gida ne, 'ya'yanta maza huɗu da matansu duk a tsakar gida ɗaya. A zamanin da jikokinta ke jarirai, mata na fita gona da kasuwa su bar mata goyo. Yaro ya yi kuka uwarsa ba ta nan, sai ta miƙa shi ga duk wadda ke gida mai ruwan nono, a kashe masa yunwa. Haka kowa ke yi, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. To sai ga shi ta ji malami a wurin wa'azin mata yana cewa yaron da ya sha nonon mace ya zama ɗanta, 'ya'yanta duka sun zama 'yan uwansa, aure ya haramta a tsakaninsu har abada. Jikoki sun tasa, gidan kuma gidan auren zumunci ne. Matan da suka shayar wasu sun rasu, wasu aure ya mutu sun yi nisa, waɗanda ke nan ba su ƙirga ba. Ita kaɗai ta san wa ta miƙa wa wa, kuma ta ce ba za ta shiga kabari da wannan kaya ba.

Sharaɗi biyu ta kafa min. Kada kowa ya ji, kuma kada in fitar da ko shafi ɗaya a takarda sai ta gama duka an karanta mata ta tabbatar, sannan a kai wa limamin unguwarsu. Na ce mata Iya, ai gara a dinga fitarwa kullum ana ajiyewa. Ta ce a'a.

"Takarda ƙafa gare ta, ɗan nan. Rabin magana in ya fita, gidan da ke zaune lafiya sai ya tashi. Bar shi a cikin akwatin naka, ai ba ya da baki."

Safiya biyar muka yi. Na tsara mata shi dalla-dalla: sunan mace a sama, a ƙarƙashinta yaran da ta shayar waɗanda ba nata ba, da dalili, da shekarar, wadda ita Iya ke ganewa da abin da ya faru, shekarar da fari ya cinye gero, shekarar da rijiya ta rufta. In tunani ya yi mata nisa sai ta koma Ngizimanci tana lissafi da yatsu, in jira ta dawo Hausa. Aiki ne da ke buƙatar haƙuri, don sai ta faɗi suna ta janye, ta ce a'a wannan yayarsa ce. Na buga, na adana layi bayan layi, kuma kamar yadda aka koya min, ban bar ko ɗigo ya kwana a kaina ba. A safiya ta biyar ta ce saura mace ɗaya, ranar Asabar za ta dawo mu ƙarasa a karanta mata.

Ranar Alhamis ramin cajar ya mutu murus. Na karkata hagu, na karkata dama, na canza roba, fitila ba ta kawo ba. Na ɗauke ta sai layin masu gyaran waya, wurin wani Sadiku da ake kira Injiniya, duk da ban san makarantar da ta ba shi sunan ba. Ya taɓa min ƙananan gyare-gyare a baya, yaro ne mai fara'a da ladabi, wannan ba zan hana shi ba. Na nuna masa ramin da yatsa, na ce ɗigon dalma kawai take so. Na ce masa akwai amanar mutane a ciki, kada ya taɓa komai. Ya ce, "Baba, kada ka damu, ka dawo bayan la'asar."

Da na dawo tun daga nesa na hango shi yana murmushi. Ya kunna min ita ba roba ba dabara, fitila ta kawo, ta tashi da wani saurin da ban taɓa ganin ta yi ba. Sai na ga hoton da ke fuskarta ba nawa ba ne. Na nemi jakar takarduna, babu. Na nemi takardar Iya Talatu, babu.

"Sadiku, ina kayana?"

"Ai Baba na ga tana nauyi sosai, tarkace ya yi mata yawa, sai na yi mata fomatin, na wanke ta tas, na zuba mata sabuwar manhaja. Kyauta na yi maka, wallahi ko sisi ba zan karɓa ba a kan wannan. Har finafinai da karatu na cika maka ita da su."

Kyauta! Ku ji min yaron nan. Ni na ce masa tana nauyi? Na kawo maka mara lafiya da ciwon ƙafa, ka aske masa ƙwaƙwalwa, kuma kana jiran godiya. Wannan ita ce cutar layin nan gaba ɗaya, har gobe. Duk abin da aka kawo musu, ko gilashi ne ya tsage, maganinsu ɗaya: a wanke. Sun saba da wayoyin samari da ba komai a ciki sai waƙa da hoton budurwa, abin da in ya tafi a sake turawa, saboda haka ba ya shiga kansu cewa akwai injin da abin cikinsa ya fi shi daraja sau dubu. Da na tuna masa na ce kada ya taɓa komai, sai ya ce shi ya ɗauka nufina kada ya buɗe ya karanta, kuma wallahi bai karanta ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Na yi masa faɗan da har masu shagunan kusa suka taru, wani ma yana ba ni haƙuri da cewa ai yaron alheri ya nufa. Na san alheri ya nufa, shi ya fi ƙona min rai.

Nan kuma zan faɗi nawa laifin, don kada ku ce tsoho ya ɗora wa yaro komai. Abin da ya kamata in yi a yammacin nan shi ne in hau keke in tafi Yerimaram, in durƙusa a gaban Iya Talatu in ce aiki ya lalace, mu sake. Da ta yi min tsiya ta gaji, da ta sake faɗa, don komai na nan a kanta. Amma shekara talatin ban taɓa ce wa mai aiki na ɓatar masa da takarda ba, bakina ya ƙi ɗaukar maganar. Aka ce min a Kano akwai masu iya tono abin da aka goge. Sai na aika wa Malam Ɗanjuma cewa inji na wurin gyara, a ɗaga zuwan Iya zuwa mako mai zuwa, wanda ba ƙarya ba ne, amma ba gaskiyar ba ce. Na ba wani direba laftof ya kai. Mako ya wuce, na sake ɗagawa. A kwana na goma sha biyu laftof ta dawo da saƙo: da fomatin ɗin kaɗai aka yi da an samu, amma finafinan da aka cika ta da su sun hau kan komai sun danne. Kyautar Sadiku ta biyu ita ta ƙarasa abin da ta farko ta bari.

Washegari na shirya zan je in faɗa wa Iya, sai na tarar an kai ta asibiti tun kwana biyu da suka wuce. Ɓarin jikinta ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Na tsaya a kanta, ta gane ni, ta ɗaga hannun da ke motsi tana yi min alamar rubutu a iska, tana tambaya da ido. Na ce mata Allah ya ba ki lafiya, Iya. Abin da na iya faɗa ke nan. Bayan kwana shida ta rasu.

Bayan sadakar bakwai na ja Malam Ɗanjuma gefe na gaya masa komai: irin aikin da mahaifiyarsa ta ba ni, da yadda ya salwanta, da jinkirin da na yi. Ya ce haka Allah ya ƙaddara, ya yafe. Na koma rumfata na shiga sake gina takarduna ɗaya bayan ɗaya daga tsofaffin kofe da na roƙo a hannun mutane, wata huɗu ina wannan wahala. Na sayi filash biyu, na karya rantsuwata, na yi kaffara. Ihu bayan hari.

Shekara ta zagayo, sai ga maganar aure a gidan. Hamza, ɗan yayan Malam Ɗanjuma, yana son Zulai, 'yar Malam Ɗanjuma, ita ma tana son sa, iyaye sun yi murna, har an fara maganar sa rana. Sai wata gwaggonsu da ke aure a Fika ta zo ta ce a dakata. Ta ce tana tuna lokacin da Hamza ke jariri uwarsa ta yi ciwo an kwantar da ita kwanaki, kuma a gidan aka shayar da shi. Mata biyu ke goyo a lokacin: mahaifiyar Zulai, wadda ke shayar da yayan Zulai, da matar wani ƙanen Malam Ɗanjuma. In mahaifiyar Zulai ce, Hamza ya zama yayanta, babu aure. In ɗayar ce, ba abin da ya hana. Gwaggon ba ta san wacce ba. Uwar Hamza ba ta cikin hayyacinta a lokacin. Matan biyu duk sun rasu. Liman ya ce zaton mace ɗaya ba hujja ba ne da zai haramta, amma a nemi wanda ya ji daga bakin marigayiya Iya Talatu. A duk duniya mutum ɗaya ne ya ji.

Kafin a kira ni Hamza ya riga su zuwa. Direban babbar mota ne mai ɗaukar shanu zuwa kudu, ƙato, amma ya tsuguna a gefen teburina kamar yaro. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya kai ga magana.

"Baba, ba na ce ka yi ƙarya ba. In ba ka tuna ba, ai ba ka ga sunana ba ke nan. Ka ce musu ba ka gani ba, shi ke nan."

Matsalar ita ce na gani. Duk shafukan nan sun bi ta bututu sun wuce, ban riƙe komai ba sai abu ɗaya, kuma laftof ɗin ce ta sa na riƙe shi. Da Iya ta faɗi sunan Hamza na tsaya neman Z ɗin da zan kwafo in liƙa, na ɗan jima, sai ta leƙo ta yi dariya ta ce yaron nan tun yana jariri rigimamme ne, ga shi ko a cikin inji sai da ya yi gardama. Dariyar nan na tuna. Na tuna sunansa ya shiga takardar. Amma a ƙarƙashin wace mace, na yi kwana da kwanaki ina matsa kaina, na rufe ido na ɗora yatsu a kan haruffa ko hannu zai tuna abin da kai ya saki, babu. Horon da na sha wahala na yi wa kaina shekara talatin ya yi aikinsa ba kuskure.

Na ce masa, "Ɗana, na buga sunanka. Wadda ta shayar da kai ce ban sani ba, kuma abin da zan faɗa musu ke nan."

Haka na faɗa a zauren Malam Ɗanjuma, gaban liman da dattawan gidan, ban ƙara ba ban rage ba. Kafin in yi magana zato ne na gwaggo ɗaya, ana iya kau da kai. Da na rufe baki ya tabbata an shayar da shi, saura ko wannan ko waccan. Liman ya ce har yanzu shari'a ba ta yanke haramci ba, amma barin abin da ake shakka ya fi zama lafiya ga addini. Malam Ɗanjuma mutum ne mai tsoron Allah. Ya ce ba zai aurar da 'yarsa ya kwana yana tunanin ko yayanta ya ba ta ba. Aka fasa. Hamza ya koma zama a kudu, sai ya yi wata shida bai leƙo gari ba.

Sadiku yana nan a layinsu, shagonsa ya ƙara girma, ya ɗauki yara yana koya musu wanki. In na wuce ya taso ya gaishe ni har ƙasa, ya tambayi ya sistem, wato laftof ɗin, ko tana gudu yanzu. Tana gudu. Dalmar da ya ɗiga kuwa ko shekara ba ta kai ba, ga robar nan ta dawo.

Watanni uku da suka wuce Malam Ɗanjuma ya zo da 'yar takarda a aljihu, katin ɗaurin auren Zulai za a buga, da wani malamin makaranta a Fika. Na yi mamakin da ya kawo min, ga shaguna masu injin launi cike da gari, amma ban tambaya ba. Na buga, na karanta masa sau biyu, ya gyara min lokacin walima, na fitar masa guda ɗari. Ya jera su a leda, ya miƙe, ya yi taku biyu, sai ya dawo ya sunkuyo kusa da kunnena don kada na kan benci su ji.

"Malam Audu, yarinyar ce ta ce lallai wurinka zan kawo. Ta ce in tambaye ka, ko daga baya ka tuna."

Saura kwana tara a ɗaura. Na dubi laftof ɗin, fankarta na ta kuka a kan marafan kwalba, na dubi mutumin. Na ce masa a'a, ban tuna ba. Ya ce to, zai gaya mata, ya tsayar da keke ya hau.